Laftof Matsakaiciya: Yadda Ake Zaɓenta da Yadda Ake Zama da Ita

Yawancin ɗaliban da ke shiga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, da tambaya ɗaya suke isa bakin shago: "Oga, Core i7 ce?" Masu shago sun san da wannan, shi ya sa za ka ga sitikar i7 tana ƙyalli a kan na'urar da ta girmi ƙanenka na firamare. Lambar da ke bayan i5 ko i7 ita ce abin dubawa. Idan ka ga i5-8250U, takwas ɗin farko na nufin zubi na takwas, wanda Intel ya fara fitarwa a 2017. Idan ka ga i7-4600U, zubi na huɗu ne, na 2013. A sababbi irin i5-1135G7 kuwa lambobi biyun farko ake karantawa, wato zubi na 11. Bambancin ba na shekaru kaɗai ba ne. Furosesar i7-7500U ƙwaƙwalwa biyu gare ta a ciki, ita kuwa i5-8250U da ta biyo bayanta huɗu gare ta. Wanda ya ƙara kuɗi ya ɗauki ta farkon saboda sunan i7 ya biya tsada ya sayi baya.

Akwai dalili na biyu da ya sa zubi na takwas ya zama iyaka. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa. Za a ce maka ana iya ɗora ta a kan tsohuwa ta bayan gida. Ana iyawa, amma kai ne za ka riƙa zaryar shagon gyara duk lokacin da babban sabuntawa ya zo ya ƙi shiga. In AMD ce ta burge ka, nemi Ryzen 5 daga jerin 3000 zuwa sama, kamar 3500U ko 5500U. Ga mai son wasan ƙwallo ma sun fi Intel na zubi na takwas jan hoto.

Bayan furosesa sai abu biyu, RAM da ma'ajiya. RAM kamar faɗin tabarmar da ka baje littattafai ne: in ta yi kaɗan sai ka naɗe wannan kafin ka buɗe wancan. Gig 4 ba ya ɗaukar Chrome mai shafuka goma da Word da PDF a lokaci guda. Gig 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 kuma kwanciyar hankali ne. Tambayi mai shago ko akwai gurbin ƙari, domin wasu siraran na'urorin an like musu RAM a jikin allon ciki, yadda ka saye ta haka za ta tsufa. Ma'ajiya kuwa, kar girman lamba ya ruɗe ka. Had-dis mai juyawa na gig 1000 ya fi SSD mai gig 256 ɗaukar kaya, amma mai SSD zai kunna, ya buɗe aikinsa, ya fara rubutu, mai had-dis yana nan yana kallon da'ira tana juyawa. Ga shi had-dis ba ya son jijjiga, kuma na'urar ɗalibi kullum tana cikin jaka a bayan Adaidaita Sahu. Ɗauki SSD. Fina-finai a zuba su a had-dis na waje.

Sabuwa ko ta hannu? Da kuɗi ɗaya za a ajiye maka biyu a kan kanta. Ɗaya sabuwa fil a kwali, amma Celeron ce mai RAM gig 4 da ma'ajiya gig 64. Ɗayar kuma wadda aka yi aiki da ita a wani ofis a Turai ko Amurka aka sauke, irin su ThinkPad T480, Dell Latitude 7490 ko HP EliteBook 840 G5, dukkansu ana samunsu da zubi na takwas. Ni ta biyun zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. An ƙera su don ma'aikatan da ke buga rubutu wuni guda, ana kwance su da sukudireba, kuma kayan gyaransu sun cika kasuwa tun daga Computer Village ta Ikeja har zuwa nan. Ƙamshin sabon kwali kwana biyu yake yi, nauyin Celeron kuwa kullum kana tare da shi. Sai dai ta hannu tana da sharaɗi, shi ne ka zauna ka bincike ta kafin kuɗi ya bar hannunka.

Zaman bincike a shago

Kar ka je da gaggawa, kar kuma ka je dab da magariba lokacin da ake haɗa kaya. Tafi da filashi mai ɗauke da fim ɗaya, da iyafis, da wani abokinka da ya ɗan san kan abin. Mai shago zai ce, "Ɗan'uwa, wannan London ce, ko buɗe ta ba a taɓa yi ba." Ka ce masa, "To Alhaji, bari in ɗan zauna da ita." Mai gaskiya zai miƙo maka kujera.

Fara da danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. A nan za ka ga ainihin sunan furosesa, yawan RAM, da ko ma'ajiyar SSD ce ko HDD. Abin da ka gani a nan shi ne gaskiya, sitika kowa na iya mannawa.

Sai batir, wanda a nan aka fi cutar mutane. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter. Zai nuna maka inda ya ajiye rahoto, ka buɗe. Layi biyu kake nema: Design Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake ɗauka yau. In na farko 50,000 ne na biyu 42,000, batirin yana da sauran rai. In na biyun ya faɗo ƙasa da rabi, ka sa kuɗin sabon batir cikin ciniki ko ka nemi wata. "Tana awa biyar" magana ce ta baki, rahoton kuwa na'urar ce ta rubuta da kanta. Sannan ka zare caja ka kunna fim ɗin da ka zo da shi na minti goma sha biyar, ka ga kashi nawa ya sauka. Batirin da ya yi tsalle daga 60 zuwa 20 ya gama aiki.

Yayin da fim ke tafiya, sa tafin hannunka a gefen da iska ke fita. Ɗumi ba laifi ba ne. Amma in fanka na kuka kamar za ta tashi sama a kan fim kawai, ciki ya toshe. Buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, har da na lambobi da kibiyoyi. Buɗe farin shafi ya cika sikirin, ka duba tabo ko layi, sannan baƙin shafi ka duba ɗigon haske. Gwada kowace kafar USB da filashinka, gwada kyamara da makirufo, kama Wi-Fi daga wayarka. Buɗe murfin ka rufe sau da yawa a hankali. In ka ji ƙas-ƙas ko ka ga roba tana ɗagawa a kusurwa, hinji ya kusa ɓallewa, kuma gyaransa na da cin rai.

Game da sikirin, nemi mai 1920 da 1080. Mai 1366 da 768 ya fi araha, amma ba za ka iya ajiye PDF a hagu da Word a dama ka ga komai da kyau ba, kuma rabin aikin ɗalibi ke nan. Karkata murfin baya kaɗan. In launi ya dushe ko fuskokin mutane suka koma toka, sikirin ɗin ba zai yi daɗin kallo ga mutum uku a kan katifa ɗaya ba. Wanda ake kira IPS ba ya yin haka.

Abu na ƙarshe mutane kaɗan ne ke dubawa. Kashe ta, ka kunna, ka shiga BIOS, a Dell da F2, a HP da F10, a ThinkPad da F1. In ta nemi kalmar sirri, a cire a gabanka ko ka bar ta. Wasu na'urorin ofis suna zuwa da makullin kamfanin da ya mallake su, ranar da ka yi fomatin sai ta tsaya tana neman imel ɗin ma'aikacin wani kamfani da ba ka taɓa jin sunansa ba. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar siriyal, da garantin kwanakin da kuka yi yarjejeniya a rubuce. Rasit ɗin yana da wani amfani: ranar da aka tare ka a hanya aka ce ina shaidar taka ce, hotonsa a waya zai taƙaita magana.

Zafi, ƙura da wuta

A ƙasar nan ba ƙarancin ƙarfi ke kashe laftof ba, waɗannan ukun ne. Kamfanoni da yawa suna rubuta digiri 35 a matsayin iyakar zafin ɗakin da ya kamata na'urar ta yi aiki a ciki. A watan Afrilu kuwa Kano, Sakkwato da Maiduguri suna kaiwa 40 har su wuce. Wato tun kafin ka kunna ta, bazara ta riga ta cinye mata rarar da take da ita. Sai kuma a ɗora ta a kan katifa ko filo, inda take shaƙar iska ta ƙasa, a toshe. Furosesa in ta doshi digiri 100 rage gudu take yi don ta tsira, sai ka ji ana cewa sistem ta yi nauyi, a kai ta fomatin, alhali iska kawai take nema. Faranti, katako ko babban littafi mai tauri a ƙarƙashinta ya wadatar. In kana kan teburi, ɗaga bayanta da murfin kwalba biyu. Aiki mai nauyi a bar shi sai dare ko bayan asuba.

Ƙurar hunturu ba ta neman izini. Tana bin fanka ta taru a bakin ƙarfen da ke fitar da zafi har ta zama kamar auduga. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce kafin zafi ya kankama, wato wajen ƙarshen Fabrairu, kai ta wurin mai gyara ya buɗe, ya share fanka, ya goge tsohon man da ke kan furosesa ya sa sabo. Tsaya a kansa ka gani. Ba zargi ba ne, amma RAM gig 8 guda biyu sun sha komawa guda ɗaya a shagon da ke da cunkoso. Kafin ka bar wurin sake duba Task Manager. A ɗaki kuma in ba a aiki da ita a rufe murfi a sa a jaka.

Wuta ita ce babbar fitina. Cajar laftof ta asali tana karɓar daga bolt 100 zuwa 240, don haka raunin wuta bai cika damunta ba. Abin da ke ƙona ta shi ne bugun farko lokacin da aka kawo wuta, ko lokacin da ake tayar da janareto ko yana shirin mutuwa. In an ɗauke wuta, zare caja daga bango. In an kawo, bari a yi minti biyu tukuna. In caja ta ƙone, kar ka sayi mara nauyi ta bakin titi. Duba bolt da wat a jikin tsohuwar, yawancin Dell da HP 19.5 ne, Lenovo 20, wat kuma 45 ko 65, ka nemi daidai da ita. Cajar Dell mai zagayen baki tana da siririyar allura a tsakiya wadda na'urar ke gane caja da ita. In jabu ce, sai ta ƙi cajin batir kuma ta rage gudu da gangan. Wajen naɗe waya kuma kar ka lanƙwasa ta daga gindi, a nan take karyewa.

Batirin lithium ya fi son zama tsakanin kashi 20 da 80. Ana iya saita hakan a Lenovo Vantage, a Dell Power Manager, ko a MyASUS. Amma wannan shawara ce ta mai wuta tsayayya ko mai sola. Wanda wuta ke zo masa awa uku a dare, ya cika batirinsa zuwa ɗari, ba shi da laifi. Abin da zai kiyaye shi ne kar ya riƙa shanye shi har ta mutu da kanta, kar kuma ya bar ta a mota cikin rana. Don batir ya kai ka ƙarshen lakca, rage hasken sikirin zuwa rabi, domin shi ne babban maciyin wuta, ka kashe Bluetooth da hasken kibod. In na'urar na caji ta USB-C, fawa-bank mai fitar da wat 65 zai ɗauke ta. Mai 20,000mAh yana riƙe da kusan 74Wh, batirin irin waɗannan na'urori kuma yawanci tsakanin 40 ne da 60, ka ga caji guda ke nan ko kusa da haka. Ranar da ka ga wurin linzamin taɓawa ya kumburo ko murfin ƙasa ya ƙi zama daidai, batir ne ya kumbura. Kashe ta, kar ka danna shi, kar ka huda, a cire shi a ranar.

In shayi ko ruwa ya zube mata, danne maɓallin kunnawa har ta mutu, zare caja, kife ta a buɗe, a kai wa mai gyara ya busar da ciki. Gwada kunnawa "don a gani ko tana yi" shi ke ƙarasa ta. Buhun shinkafa kuma ba ya cire sukarin da ya shiga ƙarƙashin kibod.

Karatu da kallo a na'ura ɗaya

Ranar farko da ka haɗa ta da hotspot ɗin wayarka, Windows za ta ɗauka intanet ɗin kyauta ne, ta fara sauke sabuntawa, datar wata ta tafi kafin ka idar da sallar isha'i. Shiga Settings, Network & internet, Wi-Fi, ka zaɓi sunan wayarka, ka kunna Metered connection. Sabuntawa kuwa kar a bar shi gaba ɗaya, a yi shi a Wi-Fi na makaranta ko da datar dare. Bidiyo ma haka. Netflix da kansa ya ce babban hoto na HD yana iya cin gig 3 a awa, matsakaici kuma kusan 0.7. A sikirin mai inci 14, kallon Labarina ko Izzar So a YouTube a kan 480p ba ya rage wa labarin komai. VLC kyauta ce kuma tana buɗe kusan kowane irin fim, har ta ƙara sauti sama da ɗari, amma kar ka saba da hakan, ƙananan lasifikan laftof saurin fashewa gare su. Wayar HDMI ɗaya za ta mayar da talabijin ɗin falo sinima ranar da ka je hutu gida.

Maganar wasa a faɗe ta yadda take. Intel UHD 620 da ke cikin na'urorin zubi na takwas zai ja PES 2017 da ire-irensa in an rage ƙawar hoto. Sababbin wasannin ƙwallo irin EA Sports FC ba nata ba ne, tilasta mata kuma zafi kawai zai jawo. Haka ɗalibin zanen gine-gine da zai yi Revit ko fitar da hoton gini mai nauyi, shi ba wannan jagorar ce tasa ba, yana buƙatar mai katin hoto na daban. Amma Word, Excel, SPSS, Zoom, koyon Python da AutoCAD na zanen shimfiɗe, duk za ta ɗauka ba gardama.

Wajen manhaja, ɗabi'ar nan ta bai wa mai shago ya "cika ta da komai" ita ce mafarin ciwo. Za ka dawo da manhajoji talatin da ba ka san aikinsu ba, rabinsu fasassu ne, wasu da ƙwayar cuta a ciki. Windows Security da ke zuwa da na'urar ya isa tsaro, riga-kafi biyu a na'ura ɗaya faɗa suke yi da juna su cinye RAM. In babu lasisin Office, LibreOffice kyauta ce, Google Docs ma haka. Zotero za ta tsara maka manazarta, ta hutar da kai ranar da malami ya ce a sauya salo. Mai rubutu da Hausa kuma ya shiga saitin harshe ya ƙara kibod ɗin Hausa, ya huta da rubuta k a wurin ƙ. A shafin Startup na Task Manager, kashe duk abin da ba ka buƙatar ya tashi tare da na'urar. SSD kuma kar a cika shi maƙil, bar masa kamar kashi 15 zuwa 20. In ka ga mai gig 256 yana nuna 238, ba a cuce ka ba, lissafin kamfani da na Windows ne suka bambanta.

Filashin da ya shiga kwamfutar shagon firintin sau ɗaya, ɗauke shi a matsayin mara lafiya. Cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar maka gajerun hanyoyi a madadinsu ta nan take yawo. Mayar da aikinka PDF ka tura ta WhatsApp ko imel, shafuka ma ba za su wargaje ba.

Furojet kuwa kar ya kwana a wuri ɗaya. Google Drive yana ba da gig 15 kyauta, OneDrive gig 5, kuma babi biyar na rubutu ba su kai girman waƙa biyu ba. Duk daren da ka yi aiki, tura kwafi can, ka sa kwanan wata a sunan fayil ɗin, domin malami na iya cewa a dawo da abin da ya sa aka goge makon jiya. SSD in zai mutu ba ya yin ƙara kamar had-dis, ɗif yake yi. Ɓarawon hostal ma ba ya sallama. Sa kalmar sirri, danna maɓallin Windows da L duk lokacin da za ka tashi ko da alwala ce, kar kuma ka bar ta a caji a masallaci ko aji da amanar "ɗan duba min". Jaka ma a samu ta goyo mai soso wadda ba ta yi kama da jakar laftof ba. In na'urar tana da BitLocker a kunne, shiga asusunka na Microsoft ka kwafi mabuɗin ceto mai lamba 48 a takarda, domin bayan wani gyaran tana iya tsayawa ta nema, kuma babu mai gyaran da zai iya ƙirƙiro maka shi.

Aro shi ne abu mai wuyar magana, don ba a hana ɗan ɗaki. Buɗe masa asusu na biyu mara ikon shigar da manhaja. Zai yi kallonsa, ya buga aikinsa, fayilolinka na gefe, zumunci bai taɓu ba.

Wajen shekara ta uku za ka ji ta fara ja da baya. Kafin ka yi tunanin sayarwa, ƙara RAM zuwa 16 in akwai gurbi, ka tabbatar irin nata ne, na zubi na takwas yawanci DDR4 ne. Sauya batir, a share fanka, ka kwashe fayilolinka ka ɗora Windows sabuwa. A yi wannan a hutun da ke gaban ajin ƙarshe, kafin a raba malaman furojet, ba ana saura mako biyu a miƙa babi na huɗu ba.